Mai Kai Rahoto Fada: Tarihin Gano Yadda Jiki Ke Gabatar da Baƙo ga Dakarunsa

Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe yatsansa ya ruru, bayan kwana biyu ya ji wani ƙullutu mai zafi ya taso masa a matsematsi, ya san kaluluwa. Rauni yana can ƙasa a tafin ƙafa, amma kumburi ya ɓullo a wuri mai nisa da shi. Bahaushe ya daɗe da lura da wannan alaƙa, har ya raɗa mata suna. Abin da ya ɗauki masana fiye da shekara ɗari kafin su warware shi ne: wane ne ke ɗaukar labarin daga yatsa ya kai shi kaluluwa, a wace siffa yake kai shi, kuma wane ne ke yanke hukuncin cewa labarin ya isa a tayar da yaƙi a kansa? Tambayar ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin jikin da ya yi sakaci da baƙo cuta za ta cinye shi, wanda kuma ya cika zargi zai juya ya cinye kansa.

Wanda ya fara ganin ɗan aiken bai san abin da ya gani ba. A shekarar 1868, Paul Langerhans, ɗalibin likitanci ɗan shekara 21 a Berlin, ya rina fatar mutum da ruwan gishirin zinariya, ya ga wasu ƙwayoyin halitta masu dogayen rassa sun bazu a tsakanin sauran. Saboda siffarsu ya ɗauka jijiyoyin ji ne. Aka sa musu sunansa, aka ajiye su a littattafai, suka zauna a can sama da ƙarni guda ba tare da an san aikinsu ba.

A ƙarshen 1882, a garin Messina na ƙasar Italiya, Élie Metchnikoff, masanin dabbobi ɗan ƙasar Rasha, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ake iya hango cikinta kamar gilashi. Da gari ya waye sai ya tarar da wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa kariyar jiki tana hannun ƙwayoyi masu haɗiye baƙo, waɗanda babbarsu ita ce makurofaj. Masanan Jamus ba su yarda ba. A 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo sun nuna cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana iya kare wata dabbar, ke nan sirrin yana cikin wasu sinadarai da ke narke a jini, waɗanda aka kira antibodi. A 1908 kwamitin Nobel ya raba gardama ta hanyar raba kyautar tsakanin Metchnikoff da Paul Ehrlich, jagoran ɓangaren antibodi. A takarda an yi kunnen doki. A ɗakunan bincike kuwa ɓangaren antibodi ne ya yi nasara, saboda ana iya auna antibodi a kwalba, a tace shi, a sayar da shi a matsayin magani. Kimanin shekara hamsin aka mayar da makurofaj mai shara kawai, wanda ke zuwa bayan an gama yaƙi ya kwashe gawarwaki.

Sai dai akwai wani abu da masu haɗa allurar rigakafi suka sani a aikace, wanda ra'ayin zamanin bai iya fassarawa ba. A tsakiyar shekarun 1920, Gaston Ramon na Faransa ya lura cewa dawakan da wurin allurarsu ya yi ƙurji sun fi sauran samar da antibodi, don haka ya riƙa gauraya allurar da abubuwa masu tayar da kumburi, har da garin rogo. A 1926 Alexander Glenny a Ingila ya sami irin wannan sakamako da alam, ɗan'uwan wanda ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Tsarkakakken antijin, wato yankin baƙon abu da garkuwar jiki ke shaidawa, idan aka zuba shi shi kaɗai sau da yawa jiki ba ya ko ɗaga kai. Sai an haɗa shi da ɗan datti. An ci gaba da zuba dattin, an bar tambayar dalili tana jiran mai ita.

Amsar ta biyo ta wata hanya da babu wanda ya zata, hanyar masu dashen tsoka. A 1936 Peter Gorer a Landan ya gano wata alama a jinin ɓeraye wadda ke tantance ko ɓera zai karɓi dashen da aka ɗauko daga wani ɓeran ko zai ƙi shi. George Snell, a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, ya shafe shekaru yana haɗa ɓeraye aure har ya samar da zuriyoyin da ba su bambanta da juna ba sai a wuri ɗaya tak na ƙwayoyin gadonsu. Gobarar 1947 ta hallaka dubun-dubatar ɓerayen wannan cibiya, ya sake farawa. A 1958 Jean Dausset a Paris ya gano irin wannan alama a jikin ɗan'adam, ta hanyar nazarin jinin marasa lafiyar da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa. Wannan rukuni na alamomi shi ake kira MHC, na mutum kuma HLA. Amma a nan akwai abin ɗaure kai: babu dabbar da a daji ake dasa mata ƙodar wata. Me ya sa za a halicci jiki da wani tsari mai sarƙaƙiya haka don kawai ya ba likitocin tiyata wahala? Baruj Benacerraf da Hugh McDevitt sun matso kusa a shekarun 1960, inda aka gano cewa iya mayar da martani ga wasu antijin abu ne da ake gado, kuma gadon yana zaune a unguwa ɗaya da MHC.

Shekarar 1973 ce ta buɗe ƙofofi biyu a lokaci guda. A birnin Canberra na Ostireliya, Rolf Zinkernagel, matashin likita daga Suwizalan, da Peter Doherty, likitan dabbobi, suna nazarin wani bairos mai sa ɓeraye sanƙarau. Sun ga cewa ƙwayoyin T, dakarun da ke samun horo a taimus, suna kashe ƙwayar da bairos ya shiga ne kawai idan MHC ɗinta iri ɗaya ne da nasu. Idan ƙwayar ta fito daga wata zuriyar ɓera, ko da bairos ɗin bai canza ba, sai su wuce ta kamar ba su gan ta ba. Sun wallafa wannan a mujallar Nature a 1974. Ma'anarsa ita ce ƙwayar T ba ta ganin baƙo a tsirararsa. Dole a ɗora mata shi a kan farantin gidansu. MHC shi ne farantin.

A New York kuwa, a Jami'ar Rockefeller, Ralph Steinman da malaminsa Zanvil Cohn suna duba ƙwayoyin saifar ɓera, suna neman wata ƙwaya da aka riga aka san cewa idan babu ita ba a iya tayar da martanin garkuwa a kwano. Kowa ya ɗauka makurofaj ce. Steinman ya hango wata daban, mai miƙa rassa tana janye su, wadda ba ta cika haɗiya ba, kuma yawanta bai wuce ɗaya cikin ɗari ba. Ya kira ta da kalmar Girkanci mai nufin bishiya. Mu ce mata mai rassa. Yawancin abokan aikinsa sun ce makurofaj ce da ta lalace a hannunsa. A 1978 ya nuna cewa wajen tayar da ƙwayoyin T ta ninka sauran ƙwayoyin saifa aƙalla sau ɗari, amma tace ta yana da wuya ƙwarai, kaɗan ne suka iya maimaita aikin, shakka kuma ta ci gaba har cikin shekarun 1980. A ganina wannan jinkiri bai zama abin kunya ga masu shakkar ba: da'awar gano sabuwar ƙwaya a gaɓar da aka shekara ɗari ana yankawa ana dubawa ta cancanci a tsananta mata bincike. Abin yabo shi ne mai da'awar bai gaji da kawo hujja ba.

Saura tambayar siffa. Me ake ɗorawa a farantin? Emil Unanue, haifaffen Kyuba da ke aiki a Harvard, shi da Kirk Ziegler, sun ciyar da makurofaj bakteriyar Listeria a 1981. Idan suka sandarar da makurofaj ɗin da sinadari nan take bayan ta haɗiye, ƙwayoyin T ba sa ganin komai. Idan suka ba ta rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin su sandarar da ita, sai ƙwayoyin T su amsa. Akwai wani aiki ke nan da ake yi a ciki. A shekara ta gaba suka nuna cewa kulorakwin, maganin zazzaɓin cizon sauron nan da ya yi zamani a ƙasashenmu, yana tsayar da wannan aiki, domin yana rage tsamin 'yan jakunkunan da ke cikin ƙwaya inda ake narka abin da aka haɗiye. Ashe mai sharar nan mahauci ne: yana yanka furotin na baƙo gunduwa-gunduwa. A 1985 ɗakin binciken Unanue ya nuna guntun furotin yana manne wa MHC kai tsaye, a 1986 kuma Alain Townsend a Oxford ya nuna cewa ƙwayoyin T masu kisa su ma guntaye suke gani, har na furotin da ke ɓoye can cikin bairos ɗin mura. A 1987 Pamela Bjorkman, tare da Don Wiley da Jack Strominger, ta fitar da hoton ginin HLA-A2. A samansa akwai wani kwari mai bango biyu, kuma a cikin kwarin akwai wani abu kwance wanda ba su suka saka shi ba. Guntayen furotin ne da farantin ya taho da su daga ƙwayar da aka ciro shi.

Daga nan hoto ya fito. Faranti iri biyu ne. Na farko yana kan kusan kowace ƙwaya mai cibiya a jiki, yana baje samfurin abin da ake ƙerawa a cikin gida, guntaye masu tsawon amino asid takwas zuwa goma. Idan bairos ya mamaye ƙwaya, nasa guntayen za su fito a kai, dakaru masu kisa su gani. Na biyu na ƙwararru ne kaɗai, wato mai rassa da makurofaj da ƙwayoyin B, kuma yana baje abin da aka tsinto daga waje.

Amma wannan hoto ya haifar da matsalar da ta fi ta farko. Farantin ba ya bambance na gida da na dawa. Mafi yawan guntayen da ke kansa a kowane lokaci na jikin mutum ne da kansa. Idan gani kaɗai ya isa a kai hari, da babu wanda zai kai shekara guda a duniya. Dole akwai linzami, kuma tarihin shekaru arba'in da suka biyo baya tarihin gano linzamai ne, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya fito ne daga cibiyar nan ta Canberra. Kevin Lafferty ya nuna a tsakiyar shekarun 1970 cewa idan aka ajiye tsokar da za a dasa a kwano na ɗan lokaci har fararen ƙwayoyin jinin da ke cikinta suka mutu, jikin mai karɓa yana iya haƙura da ita, alhali MHC ɗinta na baƙo yana nan. Ya ce ƙwayar T tana bukatar saƙo biyu: ganin guntun a faranti, da kuma wata sheda ta biyu daga bakin mai gabatarwa. A 1987 Marc Jenkins da Ronald Schwartz suka tabbatar da abin da ya fi haka: ƙwayar T da ta sami saƙon farko ba tare da na biyu ba takan shiga wani irin suma, ko an dawo mata da cikakken saƙo daga baya ba za ta motsa ba. Kamar alƙalin da aka kawo wa ƙara babu shaidu, ya kore ta, ya kuma hana a sake ɗaukaka ta. Ba da jimawa ba aka gano shedar, wasu furotin ne da ake kira B7 a jikin mai gabatarwa, masu kama CD28 a jikin ƙwayar T.

To wa ke ba mai gabatarwa izinin fito da shedar? A 1985 Gerold Schuler da Steinman sun ɗauko ƙwayoyin nan na Langerhans daga fatar ɓera. Da farko ba su da wani ƙarfin tayar da ƙwayoyin T, amma bayan kwana biyu zuwa uku a kwano sai suka rikiɗe suka zama masu rassa cikakku. Jijiyoyin Langerhans ashe 'yan aike ne da ba su balaga ba. A fata aikinsu tsintuwa. Idan suka ji alamar haɗari sai su daina tsintuwa, su bi magudanar ruwan jiki zuwa kaluluwa, su baje abin da suka taho da shi. A 1997 ɗakunan binciken Antonio Lanzavecchia a Basel da Ira Mellman a Yale suka bayyana dabarar. Mai rassa da ba ta balaga ba tana ƙera faranti, amma tana janye shi ciki ta narka shi cikin sa'o'i kamar goma. Da ta balaga sai farantin ya zauna a waje fiye da sa'a ɗari. Daga baya aka gano cewa wani ɗan tambari mai suna yubikwitin ake buga wa farantin don a janye shi, kuma mai buga tambarin, MARCH1, yana yin shiru idan ƙwayar ta balaga. Hikimar a fili take: rahoton da ya isa kaluluwa hoton lokacin da aka ji haɗarin ne, ba tarkacen kowace rana ba.

Alamar haɗarin kuwa ita ce ta dawo da mu ga garin rogon Ramon. A 1989 Charles Janeway na Yale ya fito fili ya ce wa abokan aikinsa dattin da suke zubawa a allura shi ne asirin da suke kunyar faɗa, ya kuma yi hasashen cewa masu gabatarwa suna da na'urorin jin ƙamshin bakteriya da bairos waɗanda aka haife su da su. A 1996 Jules Hoffmann a Strasbourg ya nuna cewa ƙudan 'ya'yan itace da aka lalata wa ƙwayar gado mai suna Toll, naman gwari yana cinye shi. A 1997 Janeway da Ruslan Medzhitov suka nuna cewa ɗan'uwan Toll a jikin mutum yana kunna B7, a 1998 kuma Bruce Beutler ya gano cewa wannan na'ura ce ke jin gubar da ke bangon wasu bakteriya. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, ɓangaren Metchnikoff ya sami haƙƙinsa: antibodi na Ehrlich, a mafi yawan lokuta, ba ya fitowa da ƙarfi sai ƙwayoyi masu haɗiya sun ba da izini.

Akwai kuma linzamin da dakarun kansu ke riƙe da shi. Ƙwayar T da ta farka tana fitar da intaferon gama, wanda ke umartar makurofaj ta ƙara yawan faranti. Makunnin da ke karɓar wannan umarni, CIITA, an gano shi a Geneva a 1993 a ɗakin binciken Bernard Mach, ta hanyar nazarin wata cutar gado da ba a cika samu ba, wadda ake haifar yara babu faranti na biyu sam. Da yawa daga cikin iyalan da aka sani 'yan Arewacin Afirka ne, kuma yaran sukan rasu da ƙuruciya idan ba a yi musu dashen ɓargo ba. A ɗaya gefen akwai masu kwantar da tarzoma, ƙwayoyin T masu tsawatarwa da Shimon Sakaguchi na Japan ya fayyace a 1995. Suna ɗauke da CTLA-4, wanda ke kama B7 fiye da yadda CD28 ke kama shi. A 2011 masana a Birmingham suka nuna cewa CTLA-4 yana fizge B7 daga jikin mai rassa ya haɗiye shi, wato ya raba mai gabatar da ƙara da shaidunsa. Ɓeran da aka haifa babu CTLA-4 ba ya wuce mako uku zuwa huɗu. Dakarunsa ne ke cinye masa zuciya da sauran gaɓoɓi. James Allison ya juya wannan ilimi: ya toshe CTLA-4 da gangan don a saki dakaru a kan ciwon daji, maganin da aka amince da shi a Amurka a 2011, wanda kuma illarsa ita ce dai wadda ake tsammani, jiki ya far wa hanjinsa ko fatarsa.

Cututtuka sun riga masana sanin waɗannan linzamai. Tun 1971 aka ga bakteriyar tarin fuka tana zama cikin makurofaj tana hana jakar da take ciki haɗuwa da jakar narkarwa. Bairos mai karya garkuwar jiki yana da furotin mai suna Nef da ke janye faranti na farko daga waje. Kuma da yake akwai wasu dakaru, waɗanda Klas Kärre na Suwidin ya bayyana dabararsu a 1986, masu kashe duk ƙwayar da suka gani babu faranti, sai Nef ya janye HLA-A da HLA-B ya bar HLA-C a matsayin rufin asiri. Zazzaɓin cizon sauro ma yana cikin wannan kokawa. A 1991 Adrian Hill da abokansa suka ba da rahoton cewa yaran Gambiya masu HLA-B53, farantin da ya yawaita a Afirka ta Yamma ya kuma yi ƙaranci a Turai, ba su cika faɗawa mummunan zazzaɓi ba kamar sauran, ko da yake nazarin da aka yi a Gabashin Afirka bai sami wannan alaƙa daidai haka ba. A 1999 kuma masana a Oxford suka nuna a kwano cewa jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna iya manne wa mai rassa su hana ta balaga.

Steinman da Michel Nussenzweig sun ƙara wani babi a 2001, inda suka kai antijin kai tsaye ga masu rassa a jikin ɓera mai lafiya ba tare da alamar haɗari ba. Ƙwayoyin T suka farka na ɗan lokaci, sannan suka ɓace, ɓeran ya koyi haƙuri da wannan antijin. Ɗan aike ɗaya ne ke kai saƙon yaƙi da saƙon sulhu, ya danganta da halin da ya baro.

A watan Maris na 2007 aka gano Steinman yana da ciwon dajin fankiriyas wanda ya riga ya bazu, irin wanda yawanci ba ya barin mutum ya cika shekara. Tare da magungunan da aka saba, ya karɓi gwaje-gwajen rigakafi da dama da abokan aikinsa suka shirya, wasunsu da masu rassan jikinsa aka haɗa su, aka ɗora musu antijin na ƙarin da aka cire masa. Ya rayu shekara huɗu da rabi. Mutum ɗaya ba ya zama hujja a kimiyya, kuma rigakafin ciwon daji na farko irin wannan da aka amince da shi a 2010, na dajin mafitsarar maza, kimanin wata huɗu kawai ya ƙara wa marasa lafiya a matsakaici. Ya rasu ranar 30 ga Satumba, 2011, yana da shekara 68. Ranar 3 ga Oktoba kwamitin Nobel, bai san da rasuwar ba, ya sanar da ba shi rabin kyautar likitanci ta shekarar, ɗaya rabin kuma ga Hoffmann da Beutler. Ƙa'ida ta hana ba mamaci kyautar, amma bayan zama na gaggawa gidauniyar ta bar hukuncin yadda yake, bisa hujjar cewa an yanke shi ne da zaton yana raye.